Goshi a Ƙasa

Maigidana, Malam, ya yi shekaru yana aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, kusa da birnin Lyon, har ƙirjinsa ya gaji. Da aka sallame shi ya dawo ya zauna a gida, a Rillieux, numfashi ya zame masa aiki. In ya hau matakala kaɗan sai ya tsaya ya riƙe ƙarfe. Salla a kan kujera yake yi, don in ya sunkuya iska takan ɗauke masa. Rashin sujadar nan ya fi ciwon damunsa.

A ɗakin da ke ƙasa da namu akwai wani tsoho Ba'indiye, ba ya cin nama, ba ya yawan magana. Ta rufi yake jin tarin Malam. Wata rana ya tare shi a ƙofa, ya ce ya riƙa saukowa da safe wani ɗan zaure da ke ƙasan gidan, ya koya masa yoga, motsa jiki da sarrafa numfashi irin nasu. Ranar farko na bi shi, don hankalina bai kwanta ba. Ban ga gunki ba, ban ji kiɗa ba, tabarmi biyu ne kawai da taga. Tsohon bai ɓoye mana komai ba. Ya ce a wurinsu yoga hanyar ibada ce, jiki ƙofa ce kawai.

Malam ya ce, "Ni fa musulmi ne, Baba."

Tsohon ya ce, "To ka kira naka Ubangijin a kan numfashinka. Ba sunan da na roƙe ka."

Yawancin lokaci zama suke yi shiru, har mutum ya ce ba abin da ake yi. Sai wani lokaci su durƙusa, su miƙa hannu gaba, su ɗora goshi a tabarma, don iska ta cika bayan ƙirji. A hankali abin ya kama. Wata la'asar na shigo ɗaki na tarar da kujera a gefe, Malam yana sujada a kan darduma. Da ya sallame ya dube ni yana dariya, ido jawur, ya ce, "Kin gani? Goshina bai manta hanya ba."

Yayansa, Alhaji, ɗan kasuwa ne a Paris. Ya zo duba shi wata safiya ba sanarwa, ya leƙa ta tagar zauren, ya ga ƙanensa goshi a ƙasa gaban tsohon, baya ga alƙibla. Bai tambayi kowa ba. Kafin Juma'a 'yan garinmu na Lyon da na Paris duk sun ji cewa Malam yana yi wa Ba'indiye sujada. Masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Malam ya daina sauka. Tsohon ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa, Malam ya ce in ce yana barci.

Ba na cewa Alhaji ne ya kashe shi. Likita ya riga ya faɗa mana inda ciwon zai kai. Amma kujerar ta dawo kan darduma, kuma a kanta ya yi sallarsa ta ƙarshe. Ranar jana'iza Alhaji bai shiga sahu ba. Ya jingina da motarsa, ya ce wa masu kiransa, "Allah ne ya san a kan me ya cika." Maƙwabciyata ce ta faɗa mini, mijinta yana wurin. Da wannan maganar na yi takaba, da ita na fita.

An daɗe, sai ran nan Hajiya, matar Alhajin, ta kira ni a salula. Bayan gaisuwa ta ce, tana dariya, ciwon baya ya sa likita ya tura Alhaji yoga.

"Ai ba irin waccan ba ce," in ji ta da sauri. "Wannan sipor ce kawai, motsa jiki. Har tumbin ya soma sauka."

Na ce ni ma bayana na damuna, a ina wurin yake? Ta kwatanta mini, har da ranar da yake zuwa.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Wurin duk gilashi ne ta wajen titi, kamar kantin takalma. Ciki madubi ko'ina, kiɗa na dukan bango, kowa na gumi yana satar kallon kansa. Wata yarinya cikin matsattsun kaya tana gaba tana ba da umarni da murmushi. Ba mai zama shiru a wurin. Na hango Alhaji a layin baya, cikin gajeren wando, ba hula. Na tsaya har yarinyar ta sa su durƙusa, su miƙa hannu, su ɗora goshi a ƙasa. Na duba alƙibla a salulata. Bayansa ya ba ta. Sannan na ɗauki hoto.

Da ya fito da tabarmarsa a hammata, na durƙusa kaɗan yadda ya dace. Na tambayi lafiyarsa, da kasuwa, da Hajiya, da yara ɗaya bayan ɗaya. Ban rage komai ba. Sannan na ce, "Allah ya karɓa, Yaya."

"Ya karɓi me?"

"Sujadar."

Ya waiga ya dubi gilashin. "Ke, wannan motsa jiki ne. Likita ne ya ce..."

"Shi ma numfashi ya je nema. Nasa malamin tsoho ne mai riga har gwiwa, kuma sunan Allah yake kira. Kai wa kake kira a ciki, da wannan kiɗan?" Na nuna masa hoton. "Taka malamar, 'yan gari za su so su gan ta."

Ya ce, a hankali, "Me kike so, ƙanwata?"

Bai taɓa kirana haka ba. Na ce Juma'a mai zuwa, a masallacinmu na Lyon, bayan an sallame, ya janye maganarsa gaban mutanen da suka ji ta farko, ni kuma in goge hoton.

Ya zo. Mijin maƙwabciyata ya ce Alhaji ya miƙe yana riƙe da baya, ya ce idonsa ne ya yi kuskure, ƙanensa a kan musulunci ya cika, a sa shi a addu'a. Aka ɗaga hannu aka yi. Wasu daga cikinsu sun zo mini gaisuwar da suka hana ni, na ba su ruwa.

Alhaji ma ya hawo. Na goge hoton a gabansa, don na yi alkawari. Ya ce in yafe masa. Na ce mai yafewar yana maƙabartar Bron, jirgin tiram na kaiwa kusa.

Har yanzu duk Salla ni nake fara kiransa. Ina gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, in ce, "Allah ya karɓa, Yaya." Sai in saurari yadda numfashinsa ke tsayawa kafin ya ce amin.