Giwan Ruwan Da Ya Riga Ganga

Abubuwa da yawa sun shige mini na manta da su, har da waɗanda na yi rantsuwa ba zan manta ba. Amma safiyar da na kusa jawo wa mahaifina abin kunya a bakin kogi, ita kam tana nan daram a raina, kuma na san da ita za a binne ni.

Mu 'yan unguwar Sheshe ne a birnin Kano, gidan masu turare tun kakanni. Kafin Baba, babu wanda ya san wani ruwa a zuriyarmu in ba na rijiya da na alwala ba. Hawan jini ne ya kai shi kogi. Likita ya ce ya rage zaman kasuwa, ya nemi abin da zai kwantar masa da hankali, sai wani amininsa na Gwale ya ja shi zuwa fatsa, wato kamun kifi da ƙugiya da zare. Abu kamar wasa, tsoho ya kamu. Duk Asabar sai ya ɗauki sandar fatsarsa ya fita, ya dawo da yamma da 'yan karfasa uku ko huɗu a leda, 'yan majalisar ƙofar gida suna ta yi masa tsiya. Akwai wani maƙwabcinmu da ba ya fashi, kullum sai ya ce, "Alhaji, yau ma jikokin aka samo? Ina kakan nasu?" Baba sai ya yi murmushi ya ce yana nan tafe. Kakan da yake nufi shi ne giwan ruwa, babban kifin nan da ake cewa wani yakan kai nauyin mutum. Ya fi shekara goma yana nemansa, ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga shi ba.

A kogin da suke zuwa, yamma da Kano, akwai wani gurbi mai zurfi da Sarkin Ruwan ƙauyen yake rufewa tun farkon damina domin kifi ya hayayyafa. Sau ɗaya ake buɗe shi a shekara, bayan an gama girbi. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma kowa ya san ta: ba a sa komai a ruwan, ko ƙugiya ko koma, wato ragar masunta, sai Sarkin Ruwa ya yi addu'a ya jefa nasa, an buga ganga. Masuntan garin ne masu ruwa. Mu 'yan birni alfarma aka yi mana, aka ba mu gefe guda mu yi fatsarmu. Kuma alfarmar tana rawa, domin a shekarar da ta gabata an kama wasu da suka zo daga birni sun jefa ƙugiya kafin lokaci. Sarkin Ruwa ya aiko wa su Baba cewa idan aka sake, ba ɗan birnin da zai ƙara taka bakin gurbin.

Ni ba mai fatsa ba ne. Malamin makaranta ne ni, a lokacin ina da 'ya'ya biyu, kuma aikina a wannan tafiya tuƙi ne kawai da ɗaukar kaya. Na kwashi Baba da abokansa uku bayan sallar asuba, muka fita ta Ƙofar Kabuga. A bayan mota akwai bokiti da 'yan ƙananan karfasa masu rai a ciki, waɗanda Baba ya yi kwana uku yana lallaɓawa a tsakar gida, domin ya ce giwan ruwa ba ya kallon mataccen abinci. Gwiwarsa ta dame shi sosai a shekarar, har a mota ya ce mini, "Ka lura da ni yau da kyau, ban san ko baɗi ƙafar nan za ta kawo ni ba."

Da muka isa, sai muka yi abin da ɗan birni ya iya, muka kama wuri. Kamar yadda ake shimfiɗa darduma a sahun gaba ranar Juma'a a tafi alwala, haka muka jera kujerunmu a kan gaɓa, muka kafa 'yan sanduna masu baki biyu, muka ɗora fatsa a kai. Masuntan gari kuwa suna can baya a tsaye, kowa da komarsa a kafaɗa da gorarsa a hammata, ba wanda ya matso kusa da ruwa. Na kalle su na ce a raina, waɗannan ba su san sauri ba. Yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Baba ya tafi gaida Sarkin Ruwa tare da abokansa, ya bar ni da kaya. Ni kuma, da ƙwazon wanda bai san komai ba, na ga ya kamata in shirya masa komai domin ganga na tashi ya zama na farkon jefawa. Na ciro karfasa ɗaya na maƙala a ƙugiya. Sai na ga tana haki a iska, za ta mutu kafin a buɗe. Na dubi ruwa, na dubi kifi, na yi wa kaina fatawa cewa tsoma ta a bakin gaɓa ai ba kamun kifi ba ne, jiƙa ta kawai nake yi. Na saki zare kamu biyu, ta shiga ruwa tana wutsil-wutsil. Abin da ban sani ba shi ne, wurin gaɓa ce mai tsaye, daga bakinta zurfi ya fara.

Baba na dawowa yana ɗingishi, bai ko zauna ba, sai sandar ta lanƙwashe kamar za ta karye. Ya cafke ta kafin ta faɗa ruwa. Zare ya miƙe yana kuka, kuma a ƙasanmu muka ga wani farin baya ya juyo, faffaɗa, tsawonsa ya kai tabarmar salla, sannan ya nutse. Ban taɓa ganin fuskar mahaifina haka ba. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce a hankali, "Shi ne."

Sannan ya juyo ya dube ni. "Wa ya sa ƙugiyar nan a ruwa?"

Na ce ni ne, amma jiƙa kifin kawai nake yi. Na waiga, na ga hankalin kowa yana kan kwalekwalen Sarkin Ruwa da ake turawa can sama da mu, mai ganga ma ya riga ya rataya gangarsa. Wata bishiya ta kare mu. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Baba, ka riƙe shi kawai. Saura minti nawa? Ana buga ganga sai ka jawo abinka, babu wanda ya gani." Amininsa na Gwale da ya iso a lokacin ya goya mini baya. Ya ce, "Alhaji, ka rufa mana asiri. In maganar nan ta fita, mu duka aka kora."

Baba ya mayar da idonsa kan zaren. Kifin yana ja, shi yana riƙe, jijiyoyin hannunsa duk sun tashi. Na san yana jin nauyin abin da ya shekara goma yana jira, kuma na san yana so. Can sai ya ce, "Ruwan a rufe yake." Ya sa hannu ɗaya a aljihu ya ciro 'yar wuƙar da yake yanka goro, ya buɗe ta da haƙori, ya ɗora a kan zaren. Sandar ta miƙe tsaye, ruwa ya kwanta kamar ba a yi komai ba.

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan, mun yi asara amma mun tsira. Sai na ga ya saɓa sandar ya nufi wurin kwalekwale. Na bi shi ina roƙo, ko waigowa bai yi ba. A gaban jama'a, kafin a fara addu'a, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, fatsata ta shiga ruwa kafin ka buɗe, har kifi ya kama. Na yanke shi ya tafi. Ga sandar." Sai gunaguni ya tashi daga cikin masunta. Ina jin wani yana cewa ai dama an faɗa, 'yan birni ba sa ji. Ban san lokacin da na durƙusa kusa da Baba ba, na ce shi ba ya ma wurin, ni na sa, kuma rashin sani ne da rawar kai.

Sarkin Ruwa dattijo ne siriri, ba mai yawan magana ba. Ya daɗe yana juya guntun zaren a hannunsa. Ya ce, "Alhaji, wa ya gan ku?" Baba ya ce babu kowa. Sarkin Ruwa ya gyaɗa kai, ya ce doka doka ce, ni da Baba ba za mu taɓa ruwa ba a ranar, sauran abokansa kuwa su koma wurinsu. Aka yi addu'a, ya jefa komarsa, ganga ta tashi, mutane suka auka ruwa da ihu. Mu kuma muka zauna a gindin bishiya kamar waɗanda suka zo zaman makoki. Wuni guda Baba bai yi mini faɗa ba, kuma wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi.

Wajen la'asar aka aiko a kira mu. Muka tarar an yi da'ira, mutum uku sun fito da wani giwan ruwa sun shimfiɗe a kan yashi, wanda ya fi duk abin da aka kama a ranar. Wani matashin masunci ne ya same shi da koma. Sarkin Ruwa ya tsuguna ya buɗe bakin kifin, ya ciro ƙugiya da guntun zare a jikinta, ya ɗaga sama kowa ya gani. Ya ce, "Jama'a, ku dubi abin da bawan Allahn nan ya saki, ba wanda ya gan shi." Ya miƙa wa Baba ƙugiyar da hannu biyu. "Kifi na wanda ya kama ne. Wannan kuwa taka ce. Kuma daga yau duk ɗan birnin da zai zo ruwan nan, ta hannunka zai biyo."

Baba ya durƙusa da ƙyar a kan gwiwar nan mai ciwo, ya shafa bayan kifin tun daga kai har wutsiya, ya ce wa matashin, "Allah ya sa albarka." Ni kuwa ina tsaye a bayansa ina kallonsa. Na ga mahaifina a cikin manyan riguna, na gan shi ranar da ya dawo daga Makka, amma ban taɓa alfahari da shi kamar wannan lokacin ba, yana durƙushe a yashi, hannunsa duk ƙarnin kifin wani.

Muka koma Sheshe hannu wofi. Baba ya ƙara zuwa buɗe ruwa sau biyu kafin ƙafa ta zaunar da shi, kuma har Allah ya karɓi abinsa bai kama giwan ruwa ba. 'Yan birni kuwa har yau suna zuwa gurbin nan, da yawansu ba su ma san wanda ya riƙe musu ƙofar ba.

Abin da na koya a ranar bai da yawa, amma ya ishe ni. Ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa 'ya'yan mutane gaskiya, minti kaɗan aka gwada ni da su na faɗi, domin na ɗauka doka tana aiki ne in akwai mai kallo. Tsohon da na raina wa kamun 'yan karfasa shi ya nuna mini cewa amana a inda ba kowa ake riƙe ta, kuma a kan abin da ranka ya fi so.