Tsohuwar Da Ta Tsaya Gaban Katafilata

Jama'a, abin ga da ni ya faru, ba ji na yi ba, na rantse da Wanda raina ke hannunSa. Shekarun baya ina tuƙin katafila, ina zaune Ƙofar Kware, sai wani Alhaji mai sayar da hatsi, mutumin Gidan Dahala, ya ɗauke ni aiki gonarsa bayan gari, inda ya tare wani ɗan rafi da bangon ƙasa don ban-ruwan albasa.

To duk mai irin wanga dam ya san ana barin mafita a gefe, inda ruwa zai zube in ya cika, don kada ya fasa bango. Shi kuwa bawan Allah, ruwansa ya ƙafe waccan shekarar tun albasa ba ta yi kai ba, wallahi har tausayi ya ba ni, shi ne ya ce in toshe mafitar, dam ya ƙara riƙe ruwa. Na ce, "Alhaji, akwai gidaje a gangare fa." Ya ce, "Toshe dai, Allah na nan."

Rana tsaka, cikin bazara, na turo ƙasa ke nan sai ga wata tsohuwa tsaye tsakiyar mafitar, zaninta sharkaf yana ɗiga, alhali dam ɗin ya bushe har ƙasa ta tsage. Na taka burki na daka mata tsawa, don ni akwai zuciya kusa. Ba ta ɗaga murya ba, amma duk ƙarar injin nan na ji ta ras kamar a bakin kunnena: "Ɗana, bar muna hanyar ga. Akwai ƙanana a gangare."

Na duƙa in kashe inji, ina ɗagowa babu kowa, sai danshi inda ta tsaya. Na kira Alhaji, ya zo yana faɗa, na gaya masa abin da na gani, ya taɓa wurin da hannunsa, sannan ya ce, "Bar shi."

Da damina ta yi tsaka anka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, hankalina ya kasa kwanciya, na tafi in gani. Bango na nan daram, ruwa na kwarara ta mafita. Na gangara wajen gidajen, wani dattijo, mai unguwarsu, da ya ji ni ne mai katafilar, ya dube ni ya ce, "Kai ne ɗan Hajo?"

Innalillahi! Hajo mahaifiyata ce, ta rasu ina goye, can wani gari, ko matata ba ta san sunanta ba.

Ya ce, "Mun ɗaure kaya za mu gudu tudu, sai wata tsohuwa ta bi gida-gida tana cewa mu zauna, ɗan Hajo ya bar hanya."

Har yau ban san ko wace ce ba. Don Allah, duk mai tare ruwa, ya fara leƙa waɗanda ke kwana ƙasa da bangonsa.