Ranar da Na Bi Wayata Har Kajiji

A shekarar da na fara koyon haɗa manhaja ba ni da kwamfuta. Malamin firamare ne ni a Bodinga, kuma duk ɗan abin da na iya a wannan fanni a waya na koye shi, a waya nake yin sa. Abin da nake haɗawa ba babba ba ne, 'yar manhaja ce ta koya wa yara haruffa: yaro ya taɓa harafi, hoto ya fito, murya ta faɗi sunan abin. Na so muryar ta zama irin wadda yaranmu suka saba ji a tsakar gida, shi ya sa nake naɗar ta matata da ta Inna, mahaifiyata, wadda ke zaune a Shagari. Tun rani nake aikin har damina ta kankama, ban taɓa kwafar sa zuwa wani wuri ba. Kullum ina cewa sai na gama.

Wata Asabar da safe na shiga bas zuwa Shagari don in ƙarasa naɗar wasu kalmomi. Na zauna a kujerar baya, an matse mu da buhun albasa a ƙafa. Na sauka, na shiga gida, muka gaisa da Inna, na sa hannu a aljihu in ciro waya, babu. Na laluba ɗaya aljihun. Na kakkaɓe riga, na fita na bi sawuna har bakin titi ina kallon ƙasa. Motar kuwa ta daɗe da wucewa gaba.

Na ari wayar maƙwabciyar Inna na kira. Tana shiga, ba a ɗauka. Na tuna a shiru na bar ta tun ina aji jiya. Inna ta ce in zauna in sha fura tukuna, abin da ya ɓata ba ya dawowa da tsayuwa. Ban iya zama ba. Na tari wata motar na koma Bodinga, wurin wani abokina mai gyaran waya a bakin kasuwa, don na san shi kaɗai zai fahimci halin da nake ciki.

Ya sa na shigar da adireshina na imel da kalmar sirri a wayarsa, ya buɗe manhajar neman wayar da ta ɓata. Taswira ta fito, ga ɗigo a kanta. Ya ce nan gaba da Shagari ne. Muka jira kaɗan, ya sake taɓawa, ɗigon ya matsa. Na tsaya a kansa ina ta cewa ya sake dubawa, har ya ce in ja kujera, ina tare masa haske. Daga can ɗigon ya je kusa da Kajiji ya tsaya. Rubutu ya fito cewa nan ne wurin ƙarshe da aka gan ta, kuma cajinta ya kusa ƙarewa. Muka kira, aka ce a kashe take.

Abokina ya girgiza kai. Ya ce shi a sana'arsa ya ga irin wannan da yawa, wanda ya kashe waya ba mai niyyar mayarwa ba ne. Ya tambaye ni ko akwai manhajar banki a ciki, na ce akwai. Hotunan iyali fa? Akwai. Ya ce makullin allon da na sa, akwai masu buɗe shi kafin a sha shayi. Ya nuna min wani jan maɓalli na goge komai daga nesa, ya ce shawara ta rage gare ni. Hotunan matata ne suka faɗo min a rai, a hannun wani da ban sani ba. Na danna. Aka tambaye ni ko na tabbata, na sake dannawa.

Sai da rubutu ya fito cewa za a goge wayar da zarar ta samu sabis, sannan na tuna da manhajata.

"A janye," na ce. "Ka janye umarnin."

"Irin wayar taka ba a janyewa," in ji shi. "Dabara ɗaya ce. Ka same ta a kashe, ka cire layin kafin a kunna, ka kawo min in kwashe kayanka."

Ban tsaya sallama ba. Na nufi tasha na bayyana wa 'yan kamasho motar, fara mai tsagaggen gilashin baya. Suka san ta, suka ce direban yakan juyo ya ci abinci a tashar Shagari da azahar. Na sake shiga mota. Tafiyar da na saba yi ina gyangyaɗi, ranar kowace tsayawa sai na ji kamar da gangan ake yi min. Aka tsaya ɗaukar mata da kwanukan nono, aka tsaya wani ya sauke taki, ni kuwa ina ta kaɗa gwiwa har na kusa da ni ya tambaye ni ko lafiya.

Na iske direban yana wanke hannu. Ya bar ni na ɗaga kujerun baya, na leƙa ƙarƙashi, ba komai sai ɓawon albasa. Ya yi ɗan tunani, ya ce bayan na sauka wani dattijo ne ya matsa wurina, mai jar hula da ƙunshin maganin feshi, kuma a Kajiji ya sauka. Bai san sunansa ba, amma ya san fuskarsa, yakan shiga motarsa ranar kasuwa. Ya ce in tambayi 'yan kabu-kabu na mararraba, su suke kai mutanen ƙauyuka.

Haka aka yi. A Kajiji na ukun da na tambaya ya ce shi ya kai dattijon gida da hantsi. Na hau bayansa. An yi ruwa a daren jiya, hanyar duk laka ce, gero ya kai ƙugu a dama da hagu. Wani wurin sai mun sauka mun tura babur. Na tambaye shi ko akwai sabis a ƙauyen dattijon, ya ce babu ko kaɗan, sai mutum ya fito titi. Na ji daɗin wannan amsa fiye da yadda zan iya gaya masa. Na fara lissafin yadda zan karɓi wayar, in zare layin da tsinke, in koma.

A ƙofar gidan muka yi sallama. Wata dattijuwa ta leƙo daga zaure, na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Fuskarta ta washe. Ta ce lallai malam ya tsinci waya a mota, ya zaci ta maƙwabcinsu ce da suka taho tare, sai da suka iso gida aka ga ba tasa ba ce. Ta ce tun da ya dawo ya kasa sukuni, ko gona bai je ba, yana cewa mai ita na can hankali tashe. Da ya ga ta mutu, sai ya ce bari ya kai ta wurin mai caji a Kajiji a kunna, ko mai ita zai kira.

"Yanzun ga yat tahi," ta ce. "Ta hanyar gonaki ya bi da keke, shi as sa ba ku gamu ba."

Na ce wa ɗan kabu-kabu mu juya. Ya ce ko ruwa ba mu sha ba, na ce ya yi haƙuri. Mun zame a laka a wani kwari, wandona ya ɓaci har gwiwa, ban ko duba ba. Ina ta roƙon Allah a ce janareton mai cajin ya lalace, ko wurin ya cika, ko dattijon ya tsaya hira a hanya.

Rumfar kwano ce a bakin titi, janareto na ta ƙara a bayanta. Ga keke a jingine, ga dattijo mai jar hula a kan benci, ya ɗora hannuwa a gwiwa yana kallon tebur. Na gane wayata daga nesa da koren murfinta. Allonta a kunne yake. Na ɗauka, ba hoton 'yata da ke fuskar allon, sai farin shafi yana marhabin da ni, yana cewa in zaɓi harshe.

Mai cajin ya ce shi dai ya kunna ta kamar yadda baba ya roƙa, ta ɗan yi haske, sai ta mutu da kanta, ta daɗe tana juya wani zobe, ta dawo a haka. Ya rantse bai taɓa komai ba. Na ce na sani.

Dattijon ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu. Ya yi ta hamdala, ya ce yau zai yi barci. Sannan ya dubi fuskata da kyau.

"Ɗana, ko wani abu ya ɓace ciki? Wallahi ban buɗe ta ba."

"Ba abin da ya ɓace, Baba," na ce. "Allah ya saka da alheri."

Na ciro ɗan abin da ke aljihuna in ba shi, ya ture hannuna, har ya so ya ɓata rai. Ya ce sai dai in koma gida tare da shi in ci tuwo. Na ba shi uzurin hanya. Ya hau kekensa yana ɗaga min hannu.

Na zauna a bencin da ya tashi, na rasa abin yi da hannuwana. Na miƙe, na je bakin titi, na dawo. Ko lambar mutum ɗaya babu a wayar, duk a cikinta suke ba a layi ba. Ta matata kaɗai na haddace. Da ta ɗauka ta ga lambata ce, ta yi murna, ta ce ashe an samu. Na ce an samu. Ta ce to me ya sami muryata. Na ce sai na zo.

Manhajar na sake haɗa ta daga farko bayan an yi girbi, kuma ta fi ta da tsari, don na riga na san inda na yi ta tuntuɓe. Amma a yammacin nan ban san zan iya ba. Hadari ya taso daga gabas, motocin Bodinga na wucewa a cike, na yi ta ɗaga musu hannu har wata ta tsaya, aka matsa min gefen kujera kusa da ƙofa.