Ƙusar Itacen da Kaka Ya Sassaƙa

Har yau in na ji warin gam, irin mai ƙarfin nan da ke hawa kai, sai tsoro ya dawo mini sabo. Warin garejinmu ne na Summerfield, can ƙasar Turawa, shekarar da nake da tara a duniya, lokacin da Baba ya ɗauki bazara guda yana ƙera jirgin ruwa.

Ɗan ƙaramin jirgi ne na mutum ɗaya, ba inji, sai dogon ƙyalle da iska ke turawa. Baba yana son ya yi gudu, amma abin da ya fi so shi ne kada ya fashe. Yana da dalili. Yayansa ya rasu a kogin Gaya tun suna samari, kwale-kwalensu ya daki dutse ya tsage. Saboda haka duk ranar da ya taso daga aiki a Wendover sai ya shigo da katako da zaren gilashi, ya shimfiɗa, ya shafe da gam, ya sake shimfiɗawa. A ƙarƙashin jirgin akwai wani faffaɗan katako da ke nutsewa cikin ruwa don kada iska ta ture shi gefe. Baba yana ce masa takobi. Ƙusar ƙarfe mai kaurin yatsa ce ke riƙe da shi a tsaye.

A wannan shekarar Kaka, mahaifin Baba, ya zo daga Gaya don a yi masa aikin ido. Masassaƙin jirgi ne tun tasowarsa. Ni yake kira amarya, ni kuwa in ce ba na auren mai haƙori uku. Yakan zauna bakin gareji da carbi yana kallo da idonsa mai lafiya. Sau ɗaya kawai na ji ya tanka.

"Wannan ƙarfen, cire shi ka sa icce. Abin da ya ƙi karyewa, mutum yake karyawa."

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Kun dai san irin wannan to ɗin. Ƙarfen bai motsa ba.

Ranar Alhamis da la'asar na dawo daga lakkwal, wato makaranta, na shiga gareji neman kekena, sai na tarar da Kaka a durƙushe. Ya zare ƙusar ƙarfen ya jefa aljihu, yana tura wata ta itace da ya shafa wa baƙin fenti. Muka haɗa ido.

"Amarya, in kika faɗa, na sake ki."

Dariya yake yi, ni ban yi ba. Ranar Asabar Baba zai sa jirgin a ruwa.

Kwana biyun nan ban san ɗanɗanon tuwo ba. Tsoro nake ji, tsoro na gaske. In na yi shiru, itacen ya karye a tsakiyar tafki, ni na kashe ubana. In na faɗa, na tona asirin tsoho a gaban ɗansa, kuma wa ya sani ko shi ke da gaskiya? Sau uku ina zuwa bakin ƙofar Baba ina komawa. Mama ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne, na amsa mata da Turanci don kada bakina ya suɓuce.

Asabar ta zo da iska mai kaɗa itatuwa. Muka tafi tafkin da ke arewacin gari. Baba ya sa rigar hana nutsewa, ya yi bismilla, ya ja igiya. Ƙyallen ya cika, jirgin ya zabura kamar an tsikari doki. Mama tana ta salati. Ni kuwa ƙasan jirgin nake kallo, wurin da ba a gani. Kaka yana tsaye kusa da ni, carbinsa ya daina tafiya.

A zagaye na uku muka ji ƙara, kamar an sare reshe. Jirgin ya yi tsalle ya kife. Ruwa ya rufe, ba Baba.

Ban san na yi ihu ba sai da na ji maƙogwarona yana zafi. "Ni ce! Na sani ban faɗa ba!" Haka nake ta maimaitawa, Mama tana jijjiga ni ba ta gane ba. Sai ga kan Baba ya ɓullo, yana tari, yana ɗaga hannu.

Da aka jawo jirgin gaɓa aka ga abin da ya faru. Kututture ne a ɓoye cikin ruwa. Takobin ya dake shi, ƙusar ta karye, takobin ya lanƙwashe baya ya wuce. Jikin jirgin ko tsaga babu. Baba ya zaro guntun ƙusar, ya kankare fentin da farce, ya daɗe yana kallo. Shi ya san lissafin: da ƙarfe ne, da jirgin ya tsaya cak, shi kuma ya tafi da ƙirji kan sandar ƙyallen. Ya je gaban mahaifinsa ya durƙusa cikin taɓo, da jiƙaƙƙen wando.

Yanzu jiragen da nake gani a tafkin nan daga kanti ake sayo su, an riga an auna musu inda za su karye. Ba mai tsayawa yana addu'a a kan itace. Guntun ƙusar yana cikin akwatina. Shekarar da Kaka zai rasu na kira shi a waya yana Gaya, na tsokane shi na ce ai da ma ya san zai yi daidai, ni kaɗai ya bari da fargaba.

"Ban sani ba, amarya," ya ce. "Wancan jirgin da ya tsage da yayan ubanki ma, ni na sassaƙa shi."