Lambar Hawashar Kawuna

Shekarun baya masu nisa, a farkon shekarun saba'in, ina ɗalibin digiri na biyu a fannin tattalin arziki a Khartoum, aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai. Ni ko dogon tunani ban yi ba. Na ce zan duba wa ke noma gonakin audugar Jazira da hannunsa, wa kuma ke cin amfanin. Malamina ya ji daɗi, balle da ya ji ƙauyenmu kusa da garin Hajj Abdalla yake, a cikin Jazirar. Ya ce baƙin da suka yi irin wannan aiki da tafinta suka yi, ni kuwa ɗan gida ne. Maganar nan ta kumbura min kai ba kaɗan ba.

Ga wanda bai san tsarin ba, gonar da hukuma ke ba manomi ita ake kira hawasha. Kowace da lambarta, kuma ƙa'ida ita ce mai suna a takarda shi zai tsaya a kanta. Amma da yawa masu sunan suna birni, mutanenmu Hausawa ke aikin, in an girbe a raba biyu. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Haka kawuna, yayan mahaifiyata, yake da wani ɗan kasuwa a Wad Medani. Da hawashar nan yake ciyar da gidansa.

Na iso ƙauye da jaka cike da takardun tambayoyi, da alƙalami biyu a aljihun riga don kowa ya gani. Kwana uku ina zagaye, ana ba ni shayi, ana sa min albarka, ba a faɗa min komai. Duk wanda na tambaya tun yaushe yake noma a nan, sai ya ce, "Ai mu masu wucewa ne, hanyar Makka muke." Har da wanda aka yanke wa cibi a bayan gidanmu.

Rana ta huɗu Kawu ya kira ni.

"Ɗana, aje takardun ga. Mi kaka son sani?"

Na faɗa masa. Ya ɗauki fartanya ya ce in biyo shi. A bakin magudanar ruwa ya zayyana min komai: yadda ake karɓar ruwa, wa ke biyan masu tsinkar auduga, yadda ake rabo, da yadda yake cewa shi ɗan ƙwadago ne kawai duk ranar da mufattish, wato jami'in da ke duba gonakin, ya zo zagaye. Da mutane suka ga ya buɗe baki, su ma suka buɗe. A sati biyu na samu abin da wani zai shekara bai samu ba.

An koya mana ɓoye sunan wanda aka yi hira da shi, kuma na ɓoye. Kawu ya zama "Manomi na Ɗaya". Amma don in nuna aikina ba shaci-faɗi ba ne, sai na yi jadawali, na sa sunan magudana da lambar kowace hawasha. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan.

Shi mufattish ɗin mutumin kirki ne, ya taimaka min da bayanan amfanin gona na shekarun baya. Da ya ce yana son ganin abin da na rubuta, da hannuna na kai masa babin da jadawalin ke ciki. Gaskiyar magana, so nake ya ga ɗan Hausawa ma ya iya Turanci. Ya yi ta juya shafuka, ya daɗe a kan jadawalin, sannan ya yaba da Larabci, "Tayyib, ya ustaz. Aiki ya yi kyau." Na koma Khartoum ina jin kaina.

Bayan wata biyu mahaifiyata ta aiko direban lori ya ce in zo gida. Ashe mufattish, tunda abu ya zo gabansa a rubuce, ba shi da halin kawar da kai. Ya kira masu hawashar da ke jadawalin, ya ce ko su dawo gonakinsu ko a ba wasu. Wasu suka san yadda suka yi. Shi ɗan kasuwar Wad Medani tsoro ya ji, ya turo ƙanensa ya karɓi gonar.

Inna ba ta yi min faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Mu da ba mu yi karatu ba, tun kafin a haife ka muke riƙe da bakinmu. Ci abincinka."

Kawu ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Abu Na'ama, yana yankan riɗi da dawa a gonakin mutane, da furfurarsa. Ni kuwa na ci jarrabawa, har aka yaba wa babin nan musamman.

Sai da na shekara kafin na iya zuwa wurinsa, don kunya. Na fara kame-kamen ba da haƙuri, ya ɗaga min hannu.

"Ka zo da littahin?"

"Na zo da shi, Kawu."

"To karanta mani wurina."

Na karanta ina juya masa da Hausa. Ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa.

"Shekara ashirin ka ce na yi ina nomanta?"

"E, Kawu."

"Ashirin da huɗu ne. In za a sake bugawa, ka gyara."

Iyakar abin da ya taɓa ce min kan maganar ke nan har ya rasu.

Daga baya na koyar da ɗalibai masu yawa, kuma duk wanda zai fita bincike nakan tambaye shi wa zai karanta abin da ya rubuta, kan wa kuma abin zai faɗa bayan shi ya tafi. Yawanci kallona suke kamar tsoho mai yawan surutu. Ba na ganin laifinsu, ni ma da haka zan kalli kaina.

Kundin yana nan a ɗakina. Ba a taɓa sake buga shi ba, don haka shekara huɗun Kawu har yau ban mayar masa ba.