Kan da Gwaggo Ta Yi Ta Tsefewa

Rana na ɗagawa Gwaggo mai kitso za ta share ƙofar ɗakinta, ta shimfiɗa tabarma, ta jera mataji da kibiya da kwalbar mai, ta miƙe ƙafa tana jiran kan farko. Haka muka taso muka same ta. Yanzu yatsu sun ƙi lanƙwasuwa, ta ce ƙarshen watan nan za ta ajiye kibiya, kuma bai kamata mu bari ta tashi shiru ba.

Kowa ya san hannun Gwaggo, hancinta ne ba kowa ya sani ba. Mace na iya wanke baki, ta fesa turare, ta canja mayafi, amma gashi ba ya rufa wa kowa asiri, ga shi kuma a cinyar Gwaggo kai yake kwanciya.

Haka ta gano matar direban da ke ƙarshen layi, wadda da kanta ta ce a ba da labarin. Shekarun baya ne, lokacin cikinta ya fara fitowa. Gwaggo ta ja kitson sai da sauran mata suka watse.

"'Yata, tun yaushe kike shan taba?"

Hawaye ne suka fara ba da amsa, har suka jiƙa zanen Gwaggo. Tun tana makaranta ne, in ji ta, ko mijinta bai sani ba. Ɗanta na fari ya zo bakwaini, bai daɗe ba ya koma. Yanzu kuma a wurin awo an ce wannan ma ba ya girma yadda ya kamata.

"Wallahi Gwaggo kullum sai na ce na daina. Kafin la'asar hannuna ya kama rawa."

"To, in ya kama rawa, kawo mini kan."

"Ko kitson bai tsufa ba?"

"Ke ce mai kitson ko ni?"

Washegari Gwaggo ta raka ta wurin ungozoma ta faɗi gaskiya. Daga nan duk sa'ad da ƙwaɗayin taba ya taso, sai ga ta a guje. Gwaggo ta kwantar da kan, ta damƙa mata mataji ta riƙe, ta tsefe sabon kitso ta sake, tana jan ta da hira har abin ya lafa. Ido na kan gashi, zuciya na kan cikin, domin ita ma tsoro take ji.

Mata kuwa ba sa rasa ta cewa. "Wannan kai ba ya hutawa ne?"

"Ni na karkata tsagar," in ji Gwaggo. "Tsufa ya zo."

Matar da ko ido rufe tsagarta ba ta karkata, ta yarda a ce hannunta ya mutu. Wasu har suka koma kitso wani wuri.

Wata rana matar direban ta zo ta ɗaure ɗankwali tamau, tana zama nesa-nesa. Gwaggo ta gane ta sha.

"Cire ki kwanta," ta ce. "Jiya ta wuce. Yau muke yi."

Aka haifi mace, kukanta har bakin titi, kanta cike da suma.

Gwaggo, ke ce cinya mai rufa asiri. Kin ji warin da za ki iya yaɗawa layi guda, kika haɗiye, kika sa sunanki a ƙasa don wani rai ya tsaya. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Mu kuma da kan ga laifin mutum mu yi ta yi da shi, mu koya: a matso da shi kusa.

Makon jiya uwar ta kawo yarinyar, da kayan makarantarta a jiki. Gwaggo ta sunkuya ta shinshina kan uwar kamar yadda ta saba, ta ce, "Ƙamshin mai kawai." Sannan ta jawo ƙaramar.

"Gwaggo, wai Mama ta ce kin taɓa karkata tsaga?"

"Sau da yawa," ta ce, tana lalubar kibiya. "Kwanta in gani ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu."