Ranar da na je auna hannun surukina a gidan abincin 'yan Chana

Shekarun baya, lokacin ina aikin gadi a wani sito a garin Laurel, can Amurka, 'yata ta zo mini da maganar wani saurayi. Ita nas ce, shi kuma injiniya, ɗan Kaduna, yana aiki a Greenbelt. Ta ce yana son ya kai ni cin abinci mu gaisa kafin ya turo magabatansa.

Ni karatuna bai wuce firamare ba, amma a ilimin gane marowaci, da ana ba da digiri da tuni na zama farfesa. Na ce wa mai ɗakina, "Ba ruwana da takardunsa. Hannunsa zan duba. In na ga yana damƙewa, magana ta ƙare."

Ta ce, "Malam, don Allah kada ka je ka ba mu kunya."

Ranar Asabar ya ɗauke ni muka nufi Gaithersburg. Ina ta zuba ido in ga katon otal, sai ya tsaya a gaban wani ɗan shago tsakanin wurin wanki da mai gyaran waya. Mai shagon wata dattijuwa ce 'yar Chana, wato ƙasar Sin, da ɗankwalinta, ta tarbe mu da sallama cikakkiya. Yaron ya ce, "Baba, Musulmi ne, daga arewacin ƙasarsu. Naman halal ne." Na ce to, ashe su ma suna da 'yan arewa.

Aka kawo abinci. Jama'a, farantin da ake ɗora kofin shayi a kai ya fi farantansu girma. Ɗaya kokwamba ce da tafarnuwa. Ɗaya taliya mai faɗi, kuma da sanyinta, wai haka ake ci. Ɗaya wasu 'yan ƙulle-ƙullen fulawa da nama a ciki, kamar ɗanwake ya je makaranta. Sai tsiren rago, tsinken siriri kamar na sakace. Na dubi farantan, na dubi yaron, na ce a raina, "Shi ke nan, 'yata za ta rame."

Nan na yanke shawarar jarraba shi. Zan share duk abin da aka ajiye, in ga lokacin da fuskarsa za ta canja. Na ture 'yan sandunan nan biyu da suke cin abinci da su gefe, na wanke hannu, na yi bisimilla.

Abin da ban lissafa ba shi ne yaron ya samu tarbiyyar gida. Ba zai ci a gaban wanda yake neman 'yarsa ba. Shayi kawai yake kurɓa, kansa a sunkuye. Kuma a wurinmu, baƙo bai ƙoshi ba sai ya rage wani abu a kwano. To ni me zan rage a farantin da loma biyu ta gama da shi? Da ya ga faranti fes, sai ya ɗaga wa dattijuwar hannu, a ƙaro. Ni kuma da na ga an ƙaro, sai in ce jarrabawa ba ta ƙare ba, in share.

Haka muka yi ta yi. Aka kawo wata gurasa da aka tsaga aka cusa mata nama. Aka kawo romo. Aka kawo kaza da wani yaji wanda ba zafi kaɗai yake yi ba, kashe baki yake. Leɓena ya mutu murus, kamar na fito daga wurin likitan haƙori. Na fara salati a ɓoye, na zaci shanyewar jiki ce ta zo mini a bainar jama'a.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Yajin nasu na yara ne."

"To bari a ƙaro wannan ɗin, tunda ya yi maka."

Na sassauta tazuge a ƙarƙashin tebur. Farantai sun taru har dattijuwar ta jawo wata kujera tana jera su. Na sake duban fuskar yaron, babu ko alamar ɓacin rai. Sai dai na ji cikinsa ya yi wata ƙara, ya yi sauri ya yi tari don ya rufe.

A nan na ajiye makamai. Na ce, "Injiniya, sauke hannun nan, kada ka kashe ni. Ka gaya wa magabatanka ina jiran su." Ya zame daga kujera zai durƙusa, na ce ya tashi. "Ba ni makullin mota, zan je in yi la'asar. Kuma sallata tana da tsawo."

Daga wajen ajiye motoci na hango shi ta gilashi. Hannu biyu yake ci, dattijuwar tana tsaye a kansa tana dariya.

Da na koma gida, 'yata ta ce ai wurin ya fi ko'ina araha, ɗalibai ne ke cika shi. Mai ɗakina ta yi ta dariya, wai na ba da 'ya a kan abincin 'yan makaranta. Na ce su yi ta yi. Ni na san abin da na gani. Mutumin da zai zauna da yunwa yana kallon tsoho yana cinye masa tsire, kuma ya ce a ƙaro, ba zai bar iyalinsa su kwana da ita ba.

Yanzu jikokina sun girma, suna amsa mini Hausa da Turanci. Wurin nan kuwa ni nake kai abokaina, ni nake zaɓa musu abin da za su ci, har da na kashe bakin, kuma ba na faɗa musu komai sai na ga sun fara salati.